Goɗiyar Shahhat

"Ɗauke sha'irin nan daga gaban goɗiyar!" Mitwalli ya daka tsawa ta saman katanga.

Nagat, 'yar maƙwabcinsa Shahhat, ta ɗago da kwano a hannu. "Baffa, tausayi take ba ni. Tun da Baba ya kwanta ko taku ba ta son yi."

Mitwalli ya zagayo ya shigo. Shekara ashirin yana leƙen goɗiyar nan, bai taɓa ɗora mata hannu ba. Tare suka gan ta a kasuwar Fayyum, Shahhat ya riga shi tayawa. Tun daga nan duk wanda dokinsa ya yi ɗingishi ƙofar Shahhat yake nufa, ya wuce Mitwalli a zaune, sai ka ce shi ba cikin dawaki ya yi furfura ba.

Ga ta nan ta miƙe ƙafafun gaba, ta mayar da nauyinta kan na baya, tana ɗaga wannan tana ajiye waccan. Ya durƙusa ya dafa kofaton. Zafi rau, jijiyar da ke samansa tana bugawa da ƙarfi. Kwana uku ke nan da ya lura da wannan tsayuwa ya yi gum, yana jira ya ga ko gwanin zai gane daga kan gado.

Ya iske Shahhat kwance jikin taga, ya rame sai idanu.

"Ni ka zo dubawa ko ita?" in ji Shahhat.

"Kai me ya rage a jikinka da za a duba?"

Shahhat ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Takunta ya canja, ina ji daga nan. Yaushe ka gani?"

"Yau."

"Ƙarya kake. Tun Talata kake tsayuwa jikin katanga kana huci."

Mutum na kan gargara, amma har yanzu yana gaban Mitwalli a sanin doki.

"A janye mata hatsi da ɗanyar ciyawa," Shahhat ya ce da ƙyar. "Ruwan sanyi a ƙafa. Yashi a turkenta. A kira likitan dabbobi."

"Na sani!"

"Na san ka sani, ɗan baƙin ciki. Shi ya sa na ce wa Nagat goɗiyar taka ce."

Ran Juma'a da hantsi Shahhat ya cika. Da aka dawo daga maƙabarta Mitwalli bai zauna wurin gaisuwa ba. Ya ja goɗiyar a hankali, taku ɗaya a huta, har magudanar ruwan da ke bayan gidajensu. Ya naɗe jallabiya ya shiga tare da ita.

Ya kira ta, ko kunne ba ta motsa ba. Ya waiga, ba kowa. Sai ya gwada irin fiton da Shahhat yake yi mata.

Nan take ta ɗago kai, kunnuwa a tsaye, tana duban hanya ta saman kafaɗarsa.