Sunan da Mudi Bai Taɓa Kira Ba

Da hantsi aka buga kuge a wani ƙauye mai ganuwa kusa da Kafur. An hango mahara sun tsallako rafi.

Mudi ya tsaya bakin ƙofar gari yana bin masu shigowa da ido, mata da tuluna, makiyaya da awaki. Matarsa Hansai ta shigo, yara uku na riƙe da zanenta. Saura Sada, ɗansa na fari, wanda ya fita girbin dawa tun asuba.

Shekara goma sha tara Mudi bai taɓa furta sunan nan ba. Haka ya taso ya tarar: uba yana kunyar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi.

Mati mai tsaron ƙofa ya dafa ƙyaure. "Mudi, zan rufe fa."

"Dakata, Baba Mati. Akwai mutum a waje."

"Wane mutum?"

"Wancan… na gidana."

"To kira shi mana! Ko ni na haifa maka shi? Ni muryata ta tafi tare da haƙorana."

Mudi ya haye ganuwa. Can cikin gona ya ga kan dawa na girgiza yana kwantawa, ɗaya bayan ɗaya. Yaron aikinsa kawai yake yi, iska ta ɗauke masa ƙarar kugen.

"Kai! Kai mai girbi!"

Dawa ta ci gaba da faɗuwa. A gonakin nan wa ba a ce wa kai?

Ya waiwayi Hansai. Ta sunkuyar da kai tana hawaye, ita kunyarta ta fi tasa. Ƙasa kuwa dattawan gari duk sun zuba masa ido. Ƙyaure ya fara kuka.

Mudi ya buɗe baki. Ya rufe ido.

"Sada! Sada!"

Kan dawa ya tsaya cak. Yaron bai tsaya tambaya ba, don ya san ba ƙaramin abu ne zai sa wannan murya ta kira wannan suna ba. Ya yar da magirbi ya sheƙo, ya kutsa ta ɗan abin da ya rage na ƙofa, Mati ya danna gagara, ya tokare ƙyauren.

Mudi bai sauko ba. Ya zauna kan ganuwar ya ba mutane baya.