Kwalbar da Aka Tarar a Ɗakin Fikri

Duka biyu ƙofar ta ɓalle. Ummu Ragab ce ta fara kutsawa, don ita ta tara mutanen. Shekara da shekaru, kullum magariba, tana jin cokalin Fikri mai gyaran takalma ta bango yana juya sukari a shayi. Jiya ba ta ji ba.

Yana zaune a kujera, kai sunkuye, jiki ya daɗe da sanyi. A kan tebur ga kofin shayi ƙudaje sun rufe, ga kwalbar giya.

"Hali zanen dutse," in ji Shukri mai gidan haya. "Da ita ya rayu, da ita ya tafi."

"Makanta ta same ka? Dubi murfin! Ko buɗe ta ba a yi ba!" in ji Ummu Ragab.

"Ummu Ragab, a rufa wa mamaci asiri."

Ka ji rufin asiri. Kafin la'asar labarin ya kai har wurin masunta. Mutanen da suka raka gawar ba su cika sahu ba. Ita ta sa aka jera kujerun zaman makoki a lungu, ta dafa gahawa marar sukari yadda ake yi. Babu wanda ya zauna. Alhaji Mitwalli mahauci, wanda ya tsaya bakin ƙofa da safe fuskarsa kamar toka, ya ja ƙyauren shagonsa ya rufe tun da rana.

Da magariba tana ɗauraye kofunan da ba a taɓa ba, sai ta ji shi ta bango. Cokali a kofi, a hankali.

"Na ji, Fikri," ta ce. "Ya isa haka."

Ta san kowace Talata Fikri yakan sauka wata matattakala a bayan wani ƙaramin asibiti a unguwar Muharram Bek. Ta taɓa hango shi, ta ɗauka mashaya ce. Ranar Talata ta yafa baƙin mayafinta, ta tafi don ta tsine wa mai wurin.

Da ta sauka, ba ta ji warin komai ba sai na danshi da shayi. Mutane ne zaune sun yi da'ira, maza da mata biyu. Kujera ɗaya babu kowa, an ajiye kofin shayi a kanta yana hayaƙi.

Wani dattijo na cewa, "Sunana Girgis, ni mashayi ne. Yau ma ban sha ba."

"Sannu, Girgis," suka amsa baki ɗaya, kamar masu amsa addu'a.

"Wane ɗan banza ne a cikinku ya sayar wa Fikri giya?" in ji Ummu Ragab.

Wata mai furfura da ake kira Ilham ta miƙe. "Zauna, Inna. Nan ba a sayarwa, bari ake yi. Fikri ya riga mu duka bari. In ƙishin ya kayar da mutum har ya sayo, Fikri ake kai wa kwalbar kafin a buɗe. Ya riƙe, ya zauna da kai har abin ya sake ka."

"To ku zo lungunmu ku faɗa mana!"

"Abin da aka faɗa a nan, nan yake kwana. A titi ba mu san juna ba."

"Madalla da ku! Ku lulluɓe da mutuncinku, shi kuma yana kabari da kayan wani a ka."

A nan idonta ya faɗa kan mutumin da ke kusurwa, ya ja hula har gira.

"A'a, Alhaji! Kai ma ciwon haƙori ne ya kawo ka asibiti?"

Mitwalli bai ɗago ba. Ya cusa hannayensa, waɗanda ke sassara ƙashin shanu ba gargada, tsakanin gwiwoyinsa. Ta dube shi ta daɗe. Da ta so, kafin gari ya waye ta gama da shi a unguwa, bakinta bai taɓa gajiya ba.

"Gobe bayan isha mai ba da hayar kujerun makoki zai kwashe kayansa," ta ce, ta haye matattakalar.

Washegari da yamma ta sake ɗora gahawa. Kujerun na nan a jere kamar haƙora. Sai ga wani baƙo ya shigo lungun ya zauna. Can sai wani. Sai Girgis, sai Ilham. Kowa ya bar kujera tsakaninsa da ɗan'uwansa, ba gaisuwa, ba kallon juna. Tagogi suka fara buɗewa a sama.

Mitwalli ne ya zo ƙarshe, da rigar aikinsa mai jini. Bai zauna ba. Ya tsaya tsakiyar lungun ya ɗaga kai.

"Shukri! Jama'a! Kwalbar nan tawa ce. Ni na kai masa ya riƙe min kada in sha."

Wata taga ta rufe da ƙarfi. Tagar matar Mitwalli ce. Sauran suka tsaya a buɗe. Jim kaɗan aka ji takun silifa a matattakala, Shukri ya fito, ya zauna can ƙarshe yana kallon ƙafafunsa.

Ummu Ragab ta miƙa wa Mitwalli kofi. "Riƙe da hannu biyu, kada ka ɓata min kujerar mutane."

Aka kira magariba. Ta jingina da bangon ɗakin Fikri, ta kasa kunne. Babu komai sai iskar teku. A kujerar da ke kusa da ƙofarsa, wani ya ajiye ƙwayar sukari biyu, tururuwa sun fara hawa.