Leshin da Na Mayar

Washegarin ranar da aka kawo lefena, sai da na bari Umma ta tafi aiki sannan na jawo akwatunan tsakiyar ɗaki. Guda uku ne. Ban ga shigowarsu ba, don amarya ba ta zama a gaban masu kawo lefe, a gidan wata ƙawata na wuni. Amma labari ya riga ni dawowa. Matan layinmu a Agege sun yi guɗa har muryarsu ta dishe, wasu kuma suna faɗi a fili cewa ba su zaci mai gadi zai iya haka ba.

Ni ma ban zata ba. Hamani, wanda zan aura, gadin wani sito yake yi a Ijora. Mutumin Dosso ne, shekararsa takwas a Legas, kuma bai taɓa ɓoye mini ƙarfinsa ba. Ni malama ce a wata firamare mai zaman kanta, ina koyar da aji huɗu. Tun farko mun yi magana cewa biki na kwana ɗaya za mu yi, kaya kala ɗaya zan ɗinka, shi ke nan.

A akwati na biyu na tarar da leshi uku. Na saman ruwan zuma ne, mai nauyi, an bi shi da duwatsu masu ƙyalli. Na ɗaga shi na kai kusa da fuskata don in ga aikin da kyau, sai ƙanshin ya doke ni. Kafur ne da turaren wuta mai sandal, irin wanda ya daɗe a cikin katako. Ko a cikin barci aka kara mini shi a hanci zan faɗi daga inda ya fito. Ƙanshin durowar Hajiya Kalsum ne.

Ina shekara tara Baba ya rasu. Dillalin raguna ne a abbatuwa, bai bar mana komai ba sai ɗakin haya da suna mai kyau. Umma ta shiga aikin girki a gidan Hajiya Kalsum, matar wani mai tireloli, kuma tun daga lokacin duk abin da ya rufe jikina daga gidan ya fito. 'Yarta Surayya ta girme ni da shekara biyu, abin da ya yi mata kaɗan shi ne daidai ni. Ranar wata Sallah, ina shekara goma sha uku, muna dawowa daga filin idi wata yarinya ta kama gefen rigata ta juya shi a gaban mutane, ta nuna musu inda dutsen guga ya taɓa, ta ce ai rigar Surayya ce ta bara. Ban yi kuka ba. Na ci gaba da sa rigar har ta yage, don babu wata. Da takalmin Surayya na shiga kwaleji, da hijabinta na karɓi takardar kammalawa. Ranar da na karɓi albashina na farko na sayi wata doguwar riga mara kyau a bakin titi, na sa ta sati guda ina jin kamar sarauniya. A ranar na yi wa kaina alkawari cewa ko da buhu zan ɗaura, ba zan shiga ɗakin aurena da kayan wani ba.

Umma ta dawo bayan la'asar ta same ni zaune, leshin uku a kan cinyata. Ba ta tsaya musu ba. Ta ce ita ta je ta roƙi Hajiya, ita kuma ta kai wa Tanti Haoua, gwaggon Hamani, aka zuba a akwati don kada lefen ya fito tsirara a gaban mutane. Ta ce ba mu muka fara ba, rabin lefen da ake guɗa a kansa a unguwar nan da kayan aro ake cika shi, bayan kwana biyu kowa ya karɓi nasa. Biyu za a mayar. Na ruwan zuman kuwa Hajiya ta ce kyauta ne, in ɗinka in sa ranar biki.

Na ce ba zan sa ba.

Ta zare mayafinta a hankali ta ninke, sannan ta dube ni.

"Juwairiyya, kayan nan da kike ƙyama su suka rufa miki asiri har kika yi bokon da kike ɗaga mini kai da shi. Da ina saya miki riga, da ban biya kuɗin makaranta ba. Ɗaya na zaɓa."

"Na sani, Umma."

"Kin sani. To kin san mata sun ga leshin nan jiya? Sun taɓa shi, sun ɗaga shi sama. In kika fito babu shi a jikinki, kowa zai gane. Ba ke za a yi wa dariya ba. Ni ce, da yaron nan."

Gaskiya ta faɗa. Na mayar da leshin cikin akwati na rufe.

Ranar Asabar na hau danfo, motar haya, zuwa Ijora. Na sami Hamani a kan benci a bakin ƙofar siton, tireloli na ta wucewa suna watsa ruwan kwata. Da ya ga fuskata sai ya miƙe ya ce lafiya, Malama, ko wani ɗan aji huɗu ne ya ci ni gyara. Haka yake kirana tun ranar da muka haɗu. Ban yi dariya ba. Na tambaye shi ya faɗa mini tsakani da Allah, a cikin akwatunan nan mene ne nasa.

Ya daɗe yana kallon takalminsa. Sannan ya lissafa: akwatunan kansu, takalmi biyu, kayan shafa, 'yan kayan ciki da Tanti ta zaɓa, da atamfa turmi biyu. Ya ce Tanti ce ta hana shi magana, ta ce sha'anin mata ne, shi dai ya kawo abin da ya samu. Ya ce tun ranar da ya ji an ce an yi guɗa bai ji daɗin abinci ba, don ya san ba shi aka yi wa ba.

Na tambaye shi wacce ya zaɓa da kansa a cikin atamfofin. Ya ce koriyar, mai zanen ganye. Ya shiga butik huɗu a Oshodi kafin ya tsaya a kanta, mai shagon har ya fara zaginsa da Yarbanci.

"Ita zan sa," na ce. "Amma ka sani, in na sa ta za a gane sauran ba naka ba ne. Za a yi da kai a unguwa. In ba za ka iya ɗauka ba ka faɗa mini yanzu."

"Malama, ni da nake wuni ina buɗe wa mutane ƙofa suna wucewa ba sa ko kallona? Su yi ta yi. Ummanki nake ji."

Ni ma ita nake ji, amma ban fasa ba.

Sadisu tela, wanda shagonsa ke bayan masallacin layinmu, ya warware turmin ya murza gefensa tsakanin yatsunsa, ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce Anti, wannan ai ta zuwa cefane ce, ina leshin da ake ta labari. Na ce abin da na kawo shi zai ɗinka. Ya ce irin wannan zuba take yi, in na yi gumi a ƙarƙashin kanofi sai ango ya ɗauka ganyen ayaba aka kai masa. Na ce zan jiƙa ta da gishiri. Ya yi dariya ya ce taurin kaina ya fi na kekensa, sannan ya ɗauko tef. Muka tsaya a kan riga da zane da ɗankwali, babu dutse babu aiki, sai siririn layi na zare fari a wuya da bakin hannu. Da zan fita ya ce ba zai ba yara ba, da hannunsa zai yi.

Saura mayar da leshin. Umma ta ce in bari ta tafi da biyun a jakarta, na ukun kuma in ajiye ko ban sa ba, Hajiya ba sai ta sani ba. Na ƙi. In na ajiye shi, duk ranar da na buɗe akwati a ɗakina ƙanshin nan ne zai tarbe ni.

Shekara goma sha biyar ina shiga gidan Hajiya Kalsum ta ƙaramar ƙofar baya, wadda ke kaiwa kicin. Ranar na buga babbar ƙofa. Na same ta a falo tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta yadda aka koya mini, na ajiye ledar a gabanta. Ta leƙa ciki ta ga uku ne.

"Na ruwan zuman ai kyauta na ba ki, 'yata. Ba aro ba ne."

"Na sani, Hajiya. Allah ya saka da alheri. Tun ina shekara tara duk abin da na sa daga hannunki ya fito, ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Rana ɗaya ce nake so in sa nawa."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kamar yau ta fara ganina, ta ce Allah ya sanya alheri, sannan ta ɗaga murya ta kira Umma da sunanta ta ce ta zo ta kai kayan nan sama. Umma ta fito daga kicin tana goge hannu a zaninta. A gabana ta sunkuya ta ɗauki ledar, ta hau bene da ita. Ba ta kalle ni ba. Wannan hawan benen shi ne abin da ya fi komai yi mini nauyi a duk bikin, har yau ina jin ƙarar silifas ɗinta a kan matakalar.

Kwana tara Umma ba ta yi mini magana ba sai ta dole. Ga abinci. Rufe ƙofa. Tanti Haoua ta zo har gida ta ce na tona musu asiri tun ban shiga danginsu ba, ta ce a garinsu yarinyar da aka yi wa sutura godiya take yi. Na ba ta haƙuri, ban canza magana ba. Na jiƙa atamfar da gishiri bayan Sadisu ya gama, ruwan ya fito kore shar har sau uku, na shanya ta a igiyar tsakar gida inda duk 'yan haya ke wucewa. Na bar su su gani tun da wuri.

Ranar ɗaurin aure, da hantsi, an riga an kafa kanofi an tare layi, ana jera kujeru. Na yi wanka na sa rigar, na ɗaura zanen. Sadisu ya yi aiki, ta zauna a jikina kamar da ita aka haife ni. Sai a lokacin na tuna ban tanadi mayafin lulluɓi ba. Nawa na zuwa makaranta ne, sun koɗe. Na Umma kuwa na san daga inda kowannensu ya fito. Ina tsaye ina tunanin ko in fita da hijabin sallata, sai Umma ta shigo ta tura ƙofa.

Ta zaro wata leda daga ƙarƙashin filo ta miƙo mini. Farin mayafi ne mara ado, irin wanda ake sayarwa a kan tebur a kasuwar Agege. Bakin ledar a liƙe yake, ba a taɓa buɗewa ba.

"Ki buɗe da kanki," ta ce. "Ki shinshina, tunda hanci gare ki."

Na yage ledar na kai shi fuskata. Babu kafur, babu turare. Warin sabon yadi ne kawai da ƙurar kasuwa. Na daɗe ban ɗago ba. Ta karɓa ta yafa mini, ta gyara gefen da ya karkace, ta ce in tsaya sosai, kada in fita ina sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata.

Na fita. Guɗar ta tashi, sannan ta rage ƙarfi tun ban kai kujerata ba. Na ga idanu suna neman leshin a jikina. Wata a bayana ta ce ashe dai, wata ta ce mata ta yi shiru. Tanti Haoua ta zauna can gefe ba ta ci komai ba. Hajiya ba ta zo ba, ta aiko Surayya da kuloli biyu na shinkafa, ita kuma ta rungume ni ta ce na yi kyau, kuma na yarda da gaske take. Rana ta yi zafi, na yi gumi, duk da gishirin nan sai da atamfar ta bar mini kore a wuya da hammata. Na zauna a haka har la'asar, kaina a ɗage. Umma na tsaye a bayan kujerata tun farko har ƙarshe, duk wadda ta zo gaisuwa sai ta haɗa ido da ita kafin ta iso gare ni.

Ranar Litinin na kira Umma daga sabon ɗakina a Ijora don in ji yadda ta kwana. Ta ce tana hanya, ta makara, Hajiya na da baƙi yau. Na ji ƙarar ƙaramar ƙofar nan ta baya tana buɗewa, na san ƙararta. Ta ce in tabbata na ware atamfar daban in zan wanke, kada ta ɓata mini farin mayafin, sannan ta kashe wayar.