Ni Na Ɓata, Mu Sake

A ofishin babu mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Rediyo ake ce mata, kuma ta ci sunan. In ka tambaye ta ƙarfe nawa, za ta gaya maka lokacin, ta gaya maka inda ta sayi agogon, ta kuma ba ka shawara a kan naka. Ba mugun hali ba ne, Allah ya sani. Zuciyarta ce ba ta iya ganin mutum yana lalube ta ƙyale shi. Sai ga shi neman abinci ya kai ta aikin da ba ya son komai sai shiru.

Kamfaninsu manhajar haɗa kiɗa yake yi. Mai ganga yana gidansa, mai jita yana wani gari, kowa ya ɗauki nasa ya tura, manhajar ta jera su layi-layi har su zama waƙa ɗaya. Aikin Rediyo shi ne ta gayyato makaɗa, ta zaunar da su gaban kwamfuta, ta koma bayansu da littafi da biro ta ga inda suke tuntuɓe. Doka ɗaya ce a aikin: ba a taimako. Ko mutum zai wuni yana neman maɓallin da yake gaban hancinsa, nata ido. Tambaya ɗaya aka yarda ta yi, ita ma sai an gama: me kake tunani a lokacin?

Sau uku tana karya dokar. A na ƙarshen har hannu ta miƙa ta kan kafaɗar wani mai jita ta danna masa. Ya yi mata godiya da kyau, gwajin awa biyu kuma ya tafi a banza.

Washegari Manaja ta kira ta. Doguwar mata ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

"Rediyo, ina son ki, kowa ma yana son ki," in ji ta. "Amma in kika sake buɗe baki a ɗakin gwaji, teburin amsa ƙorafi za ki koma. Can sai ki yi ta magana har ki gaji."

"Haba Manaja, mutumin ne ya ba ni tausayi."

"Tausayin naki ne yake ɓoye mana abin da muka ɓata. Gobe ce damarki ta ƙarshe."

Rediyo ta fito ta tsaya a ƙofar ɗakin gwaji. Tana son ɗakin nan, da bangonsa mai soso, da kujerarta mai ƙara, da yadda take fara jin waƙa tun ba ta zama waƙa ba. Ba ta ga abin da zai raba ta da shi ba, in ba bakinta ba.

Ga kuma matsalar da ta hana kowa sakat a kamfanin. Alƙaluma sun nuna mutane suna ɗaukar kiɗa lafiyayye, su goge da hannunsu, su sake, su goge, daga nan su bar manhajar gaba ɗaya. Injiniya, wani siriri da kullum yake da amsa a aljihu, ya rantse maɓallin gogewa ne ya yi kusa da na turawa. Ya matsar da shi, ya rage masa girma, ya canza masa launi, amma mutane ba su fasa gogewa ba. Ruwa dai ba ya tsami banza, sai dai babu wanda ya san dalili.

Waɗanda suka zo gwajin washegari tsofaffi ne biyu, wa da ƙane. Wan shi ne mai ganga, ya haura saba'in, yana tafiya a hankali kamar ba ya son ya dame ƙasa. Ƙanen shi ne mai sarewa, shi ma kansa fari fat, amma shi ya riƙo wa wan jakar gangar, shi ya tura masa ƙofa. Shekara arba'in suna kiɗa tare. Yanzu ƙanen zai koma wajen 'yarsa a wani gari mai nisa, 'ya'yansu suka ce su gwada wannan abin ko ba za su daina kiɗa tare ba.

Aka kai mai ganga ɗaki na ɗaya, aka bar mai sarewa a na biyu, don su ji yadda nisa yake. Rediyo ta zauna bayan mai sarewa. Manaja da Injiniya suna bayan gilashi suna kallo, su suna gani, ba a ganin su.

Layin gangar ya iso. Da farko daidai, kamar agogo. Can tsakiya sai hannun tsohon ya yi nauyi, bugun ya zo a makare har sau huɗu. Manhajar ta shafa wa wurin launin rawaya, ta fito da wani ƙaton maɓalli mai cewa GYARA. Danni ɗaya ne, ta daidaita komai, ta rubuta a gefe wanda ya gyara da wanda aka gyara wa. Wannan maɓallin shi ne abin alfaharin Injiniya.

Mai sarewa ya busa nasa a kai, tsaf, babu ko tangarɗa. Ya sa hedifon ya saurara. Ya kai yatsa kan GYARA, ya karanta ɗan rubutun da yake ƙasa, ya janye yatsan. Sai ya nemo maɓallin gogewa can lungun da aka ɓoye shi, ya goge busar da ya ɗauka.

Ya danna wurin saƙon murya. "Yaya, ni na ɓata. Mu sake daga fari."

Rediyo ta ji maganar ta taso mata har wuya. Baba, ai naka lafiya lau! Ga maɓallin nan, ga shi nan, ya kai girman tafin hannu! Ta cusa biro a baki ta ciza.

Gangar ta sake zuwa. Wannan karon sau biyu ta makara. Mai sarewa ya busa, ya saurara, ya goge nasa.

"Yaya, yau numfashina ne ba ya kaiwa. Ƙara mana ɗaya."

Murfin biron ya fashe a bakin Rediyo. Ta dubi gilashin, ta san Manaja tana can ta harɗe hannu. Ta rubuta a littafinta da manyan baƙaƙe: YI SHIRU. Ta ja masa layi biyu.

A karo na uku saura bugu ɗaya tak, wanda ko ita sai da ta kasa kunne ta ji shi. Ta ce a ranta ai wannan kam ya wuce. Mai sarewa ya goge. A na huɗu gangar ta zo cif daga fari har ƙarshe, sarewar ta hau kanta ta zauna daram. Tsohon ya cire hedifon yana murmushi, ya tura saƙo: "Yauwa Yaya, yanzu na samu."

An gama, don haka tambayarta ta halatta. Ta cire biron daga baki.

"Baba, me kake tunani lokacin da ka goge naka?"

"Ɓatawa na yi, 'yata."

A da, nan take za ta ce a'a, ta kawo hujja goma. Yau sai ta haɗiye, ta zuba masa ido kawai. Shirun ya yi tsawo har ta fara jin ƙarar fankar kwamfuta. Tsohon ya goge sarewar da gefen rigarsa, ya dubi ƙofa, ya sassauta murya.

"To, tunda kin tsare ni da ido. Abin nan naku, in na danna, cewa zai yi ƙane ya gyara wa wansa, ko? A rubuce, kowa ya buɗe ya gani?"

Ta gyaɗa kai.

"Mutumin nan shi ya koya min riƙe sarewa. Mu a wajenmu ba a cewa wane ka ɓata. Duk wanda ya ji an kauce, sai ya ce shi ne, a sake gaba ɗaya. Mai kuskuren ya ji, ya gyara, babu wanda ya ji kunya. Haka muka taras, haka duk waɗanda muka yi kiɗa da su suke yi. Amma a nan, kafin in ce a sake sai na zubar da nawa. Da gajiya, 'yata. Wata rana ai mutum sai ya haƙura da abin."

Rediyo ta rubuta duk abin da ya faɗa. Murna ce ta cika ta.

Da ta leƙa bayan gilashi, Injiniya yana zaune ya dafe kai.

"Wata uku ina yawo da maɓallin gogewa," in ji shi. "Ashe da gangan suke nemo shi."

"Ka yi musu maɓallin da zai ce mu sake gaba ɗaya," in ji Rediyo. "Ba suna, ba rawaya, kuma kada ya taɓa abin da kowa ya ɗauka. Sannan ka..."

"Ya isa, rubuto," in ji Manaja. Ta gyara tabarau, bakinta yana son yin dariya tana hana shi. "Litinin ƙarfe tara akwai masu jita uku. Ke za ki zauna da su. Ki nemi sabon biro."

Rediyo ta fito kamar ta yi tsalle. A baranda ta tarar da mai ganga shi kaɗai a kan benci, yana ɗaure bakin jakarsa. Ƙanen ya je wanke hannu. Tsohon ya yafito ta.

"'Yan mata, sau nawa ya ce ya ɓata?"

"Sau uku, Baba."

"Sau uku na ɓata ke nan." Ya yi 'yar dariya. "Na farkon ma ni da kaina na ji. Yaron nan rabonsa da ɓata busa tun kafin a haife ki. Da can ni nake ɗaukar masa, yanzu ya karɓe ni, yana ganin ban sani ba." Ya ja igiyar jakar ya ƙulle. "Kada ki gaya masa. Yana jin daɗin abin, ni ma ina ji."

Sai ga ƙanen ya fito yana yarfe ruwa daga hannunsa. Ya sunkuya ya ɗauki jakar ya rataya, ya dubi wansa, ya dubi Rediyo.

"Me Yaya yake gaya miki ne haka?"

Labari ne mai daɗi, irin wanda take iya bayarwa sau biyar kafin a tashi aiki. Yana nan a kan harshenta, da farkonsa da ƙarshensa. Ta dubi tsofaffin biyu, ɗaya riƙe da jakar ɗaya.

"Ba komai, Baba," in ji Rediyo. Ta wuce gaba ta buɗe musu ƙofa.