Ruwan Rijiyar Unguwar Rogo

Duk lokacin da Karimatu, ma'aikaciyar lafiya, ta gwada ruwan rijiyar Unguwar Rogo sai ya fito lafiya lau, alhali gudawa na ta kwantar da yaran unguwar. Shugabanta, Malam Aƙilu, ya ce ta daina wahalar da kanta, kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, gwamnatin soja ta ba da kwangilar famfo. Haushi ya turnuƙe ta, don ta san cuta ba ta jiran ɗan kwangila.

Ta koma bakin rijiyar, ta iske gwaggonta Balaraba tana jan guga.

"Ke ɗiyata, kullum sai gari ya bushe kike zuwa da kwalbarki. Ki zo washegarin ruwan sama ki ji ƙarni. Amma wa zai saurari hancin tsohuwa a ofis?"

"Gwaggo, kawo hancin, ni in kawo kwalbar."

Da aka yi ruwa, Balaraba ta bi da ita ta wani tsohon kwari da gidaje suka rufe, wanda babu shi a taswira, har bayan mayanka. Karimatu ta ɗebi ruwan can da na rijiyar, ta ga ƙwayar cutar iri ɗaya ce.

Malam Aƙilu ya ce sai kwamiti ya zauna. Ta ce a zauna lafiya. Ta nufi ƙofar Sarkin Fawa da matan unguwar, suka ce ba su tashi sai an karkatar da magudanar mayankar daga kwarin. Kafin la'asar mahauta suka fito da diga da shebur.