Ƙarfen Sabis na Bayan Unguwar Baiwa

Mujtaba ɗan Baiwa shi ke kula da ƙarafan sabis na wani kamfanin waya, daga Birnin Kebbi har Argungu. Yana zaune unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi da matarsa. Uwarsa Baiwa tana Argungu, tsohuwa mai hawan jini da yawan magana. Abu ɗaya ta roƙe shi, kuma gaban kowa ta faɗa: ran da ta mutu hannunsa ne zai sa ta kushewa, ba na ƙanenta Malami ba, wanda ta ce ko ƙwarya aka ba shi sai ya saki.

Cikin azumin 2015 takarda ta zo daga ofis. Wai juyin duniya ya ɗan yi nawa, don haka masu tsare agogon duniya za su ƙara sakan ɗaya a ƙarshen Yuni. Su kuwa ƙarafan nan da agogo suke gane juna. Wanda injinsa tsoho ne, in ya ga minti mai sakan sittin da ɗaya sai ya rikice, ba ya karɓar kira, ba ya miƙawa. Aka ce a bi su ɗaya ɗaya a gyara kafin ranar.

Ya bi na Birni, ya bi na Ambursa. Na bayan unguwar uwarsa ya bari. Kun san dalili? Motar kamfani na shiga Argungu, kafin ya kashe ta an kai wa Baiwa labari. Ɗa ba ya shiga gari ya fita bai gaida uwa ba, ita kuma gaisuwarta ba ta ƙarewa sai ya sha ruwa ya kwana. Ya ce a ransa, sakan guda ne fa, sai bayan Salla.

Da safiyar ɗaya ga Yuli ofis suka kira shi: wancan ƙarfen ya mutu tun kafin sahur. Mutumin naku ya yi dabara. Ya bar mota, ya hau babur, ya kifa hular kwano. Matarsa ma bai gaya mata inda za shi ba, don bakinta da na ƙanwarsa Mubina a haɗe suke. Ya bi ta gefen gonakin shinkafa ya shiga. Maigadi ba ya nan, har daɗi ya ji. Ya kulle kansa a ɗakin inji, janareta na ruri, wayarsa a aljihu babu sabis ko ɗigo.

Sai wajen sha ɗaya fitilar injin ta koma kore. Nan take wayar ta yi ƙara. Mubina ce.

"Yaya, kana ina?"

"Ina Birni. Mi ya faru?"

"Inna ta cika bayan asuba." Muryarta ta dushe. "Mun nemi wayarka, mun ari ta maƙwabta, ba ta shiga. Hodi maƙwabcinmu ya tahi har Gesse, matarka ta ce ba ta san inda kake ba. Kawu ya ce ba a aje gawa cikin wanga zahi. Tun ɗazu sunka tahi da ita."

Ya buɗe ƙofa. Hanyar maƙabarta ta gaban ƙarfen take bi, ga maza na dawowa da makara wayam, har da maigadinsa cikinsu. Malami ne gaba, laka har gwiwar hannu.

Tsohon ya tsaya. Ya dubi babur, ya dubi raɓar safe da ta bushe da taɓo a ƙafarsa, ya dubi ɗan yayarsa.

"Mujtaba, tun yaushe kake nan?"

Wayar tana hannunsa, saƙonnin safe suna ta shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Tun ƙarfe bakwai, Kawu."

Malami ya goge hannu a gefen rigarsa. "Ban sake ta ba," ya ce, ya wuce.