Fankar Maman Adaugo

"Ƙara kiransa, Hajiya," in ji Veronica, ko ido ba ta buɗe ba.

Falmata ta mayar da maficin hannun hagu, ta danna wayar da na dama. Sai da ta kusa tsinkewa sannan Kyari ya ɗauka, ana jin ƙarar babura a bayansa.

"Yaya Falmata, na faɗa miki ba a hannuna abin yake ba. Kwamfuta ce take rufewa da kanta. In an biya sai ta buɗe."

"Kyari, matar nan shekaranjiya aka sallamo ta daga asibiti. Ɗakin nan ya zama tanda. Ka buɗe mata ko na 'yan kwanaki ne, 'yarta za ta turo kuɗin."

"Wallahi da ina da iko da tuni na yi."

Ta kashe wayar don kada ta faɗi abin da zai kai su gaban mijinta, domin Kyari ƙanin mijin nata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A jikin bango akwatin wutar sola yana ta ƙifta jar fitila. Fanka ta tsaya cak. Ƙaramin firjin da Veronica ke ajiye allurar ciwon suganta yana buɗe, babu komai a ciki sai warin roba. Taransifomar unguwa kuwa ta ƙone tun kafin azumi, har mutane sun daina maganarta.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajen matan nan biyu, daidai inda Fagge ta jingina da Sabon Gari. Ƙofar Falmata tana kallon lungun Fagge, ta Veronica tana kallon titin Sabon Gari, don haka hirarsu duk ta kan katanga ce. Falmata tana haɗa turaren wuta da humra irin na mutanen Barno. Veronica, wadda kowa ke kira Maman Adaugo, bazawara ce, tana sayar da ruwan sanyi da zoɓo a ƙofar gida. A Kano aka haife ta, kuma in ta juya Hausa, sai ka rantse daga cikin badala ta fito.

Lokacin da fetur ya yi tashin da ya gigita kowa, Kyari ya shigo unguwar da farantan sola na wani kamfani, ana biya mako-mako. Bai daɗe da zuwa daga Maiduguri ba, amma baki gare shi kamar an shafa masa zuma. Veronica ba ta yarda da sauri ba. Ta zaunar da shi a kan benci ta yi ta juya maganar.

"Ni 'yar kasuwa ce," ta ce. "Injina na wuta yana shan mai kamar rami. Abin da nake zuba masa a mako ya fi abin da kake nema. In firji ya yi sanyi dare da rana, zoɓo kaɗai zai biya ka. Shekara biyu ya zama nawa, rana kuma babu wanda ya isa ya ƙara mata kuɗi. Duk na gane. To in na kwanta ciwo fa, ban biya ba?"

Kyari ya yi dariya har da dafa ƙirji. "Haba Mama! Ai muna tare."

Falmata tana leƙe ta kan katanga, ta ce, "Ɗan gidanmu ne, Maman Adaugo." Wannan kalmar ce ta sa Veronica ta sayar da injinta ta ba da kafin alƙalami. Kuma abin ya yi kyau, a faɗi gaskiya. Fiye da shekara guda ba ta taɓa tsallake mako ba, har wasu 'yan cocinsu suka bi sahunta, Kyari ya yi ciniki a Sabon Gari kamar ya yi hauka. Saura kaɗan ta gama biya, sai ciwon ya kayar da ita. Tana asibiti babu ciniki, babu biya, aka rufe akwatin, aka ɗora tara a kai.

Falmata ta yi iyakar yinta. Ta haɗa abin da ke hannunta ta kai wa Kyari, ya ce kwamfuta ba ta karɓar rabi. Ta sa kwalbar allurar a cikin randa, ta sayo ƙanƙara a kasuwar Singa, kafin ta iso gida rabi ya narke. Ta jiƙa zani ta rataye a taga. Amma zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano ba abin wasa ba ne, kuma Veronica mace ce mai jiki. Numfashinta ya riƙa fita da ƙyar.

"Hannunki zai gaji, Hajiya," ta ce da wata siririyar murya.

"Ke dai ki kwanta. Hannun nawa ne ko naki?"

"Saura kaɗan fa ya zama nawa." Ta juya ido wajen fankar. "Da ban sayar da injin nan ba..."

Washegari da hantsi Falmata ta je ɗebo ruwa ta dawo, ta tarar da ita ta yi shiru, bakinta a ɗan buɗe. Ta ci gaba da yi mata fifita na ɗan lokaci kafin ta yarda da abin da idonta ya gani. Sannan ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Adaugo, 'yar marigayiyar, ta iso daga Inugu da yamma. Likita ya ce zuciya ce da suga. Falmata ta ce likita ya faɗi nasa. Aka kai gawar mutuware, domin su ba sa gaggawar binnewa: sai dangi sun hallara, an yi taron waƙoƙin coci a ƙofar gida, sannan a ɗauke ta zuwa garin iyayenta.

Da abin ya tsaya nan, wataƙila Falmata ta haɗiye baƙin cikinta. Sai ga Ni'ima, matar Kyari, ta zo sayen humra. Yarinyar ba ta da mugunta, baki ne dai ba ya rufuwa.

"Ai aikin nasu sai haƙuri, Yaya. Ko ran nan yana tsakar cin tuwo wani Alhaji na Kantin Kwari ya kira, wai ya manta bai biya ba. Nan take ya karanta masa lambobin buɗe akwati, wuta ta dawo. Ya ce dai ba ya son yawan yi, don yana rage masa maki a wajen kamfani, kuma babur za a ba wanda ya zo na ɗaya."

Babur! Falmata ta auna wa Ni'ima humrarta, har ta ƙara mata gyara, ta raka ta ƙofa da fara'a. Da ta dawo ta zauna a tsakar gida. Ba ta taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda ta tsani Kyari a wannan rana ba, kuma ba ta nemi tsari daga tsanar ba.

Shi da kansa ya kawo kansa. Ya kira ta, murya a sanyaye, ya yi ta'aziyya, sannan ya gangaro kan abin da ya dame shi.

"Yaya, kamfani ya ce a kwance kayan, tunda babu mai ci gaba da biya. Ai an yi sadakar uku tuni, ko? Mutane sun watse?"

Ka ji wauta. Shi a tunaninsa kowa irinmu ne, a rasu da safe, a binne kafin azahar. Falmata ba ta gyara masa ba.

"Ka zo ranar Juma'a in an sauko daga masallaci," ta ce. "Ka biyo ta lungunmu, ta tsakar gidana rufin ya fi sauƙin hawa."

Ranar Juma'a rana ta buɗe kamar da gayya. Kyari ya shigo da tsaninsa a kafaɗa, yana sanye da farar shadda ta masallaci. Ya jingina tsanin da katanga, ya tuɓe takalmansa don kada su zame a kan kwano, ya haye da sauri yana cewa minti kaɗan zai yi. Ƙafarsa ta biyu na barin matakin ƙarshe, Falmata ta ɗaure lafayarta a ƙugu, ta janye tsanin, ta kwantar da shi a ƙasa. Ta je ta sa wa ƙofar gida sakata. Sannan ta jawo kaskon turarenta guda biyu cike da garwashi, ta jera su daidai inda mutum zai diro.

"Yaya, wane irin wasa ne wannan?"

"Leƙa ɗaya gefen ka gani."

Ya leƙa. Titin Sabon Gari cike yake da rumfuna da fararen kujeru. Matan coci sanye da atamfa iri ɗaya suna ta shigowa, ga babban hoton Veronica an jingina a kan tebur. Rabin mutanen da ke zaune a wurin farantansa ne a kan rufinsu. Wata mata ta ɗaga kai ta gan shi da sukundireba a hannu, ta nuna shi, sai kawuna suka ɗago gaba ɗaya.

Kafin nan kwanon ya fara aikinsa. Kyari ya ɗaga ƙafar dama, ya ɗaga ta hagu, ya cire hularsa ya taka, hular ba ta ishi ƙafa biyu ba. Ya gwada tsugunawa, ya miƙe zumbur.

"Yaya Falmata, don girman Allah! Ƙafata tana ƙonewa!"

"Da zafi?" Ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna a inuwa. "A ƙarƙashin wannan kwanon ta kwanta tana kiran sunanka. Kai ko rabin awa ba ka yi ba."

"Zan kira mijinki, Yaya Abdulƙahhar!"

"Kira shi. Yana Singa, sai magariba. In ya dawo ni zan fara ba shi labarin Alhajin Kantin Kwari da tuwo."

Zufa ta jiƙa shaddar Kyari har ta manne masa a baya.

Falmata ta taka turmi ta leƙa ta kan katanga, inda ta saba tsayawa su yi hira da marigayiya. Ta ɗaga murya yadda na rumfar ƙarshe zai ji, ta faɗi komai: tambayar da Veronica ta yi a kan benci, amsar da aka ba ta, injin da aka sayar, lambobin da aka karanta wa mai kuɗi aka hana maras lafiya. Ba ta rage ko ɗaya ba. Wasu samari suka miƙe, amma wani dattijo, Baba Sylvester, shugaban ƙungiyar 'yan garinsu Veronica, ya ɗaga sandarsa suka koma suka zauna.

"Samari," ya ce da Kyari, a natse, "gawar 'yar'uwarmu ko gida ba ta je ba, ka zo kwance mata rufi? Abin da ya saura mu za mu biya, kayan nan na 'yarta ne. Yanzu ka buɗe."

"Baba, sai na sauko tukuna..."

"Daga nan za ka karanto," in ji Falmata. "Da tuwo a bakinka ma ka iya."

Ya zaro wayar. Adaugo ta shiga ɗakin uwarta ta tsaya a gaban akwatin, taga a buɗe. Kyari ya riƙa ƙwala lambobin ɗaya bayan ɗaya, yana tsalle a kan hularsa, Adaugo tana dannawa, jama'a suna saurare. Ko minti guda abin bai ɗauka ba. Daga cikin ɗakin aka ji ɗan ƙara, ɗit, sai kuma kukan Adaugo.

Falmata ba ta tashi nan da nan ba. Sai da matan coci suka ɗauki waƙar farko suka kai ta ƙarshe, sannan ta janye kasaken, ta mayar da tsanin. Kyari ya sauko yana ɗingishi, tafin ƙafarsa ya yi ja ya tashi. Bai iya sa takalman ba, a hannu ya riƙe su. Ya buɗe baki zai yi magana, ta nuna masa ƙofa.

Ta gyara lafayarta, ta zagaya ta titi, ta ratsa rumfunan, ta shiga ɗakin da ba ta sake takawa ba tun ranar rasuwar. Fitilar akwatin ta koma kore. Firjin ya fara gurnaninsa a hankali. Ta ɗauka za ta ji sanyi a ranta, amma ba ta ji ba, ta zauna a bakin gadon.

Maficinta yana nan a kan matashi inda ta bar shi. Fanka tana juyawa, iskar tana ɗaga gefen zanin gadon tana sakewa.